Asubar da 'Ya'yan Kunkuru Suka Juya wa Teku Baya

"Kada wanda ya sauke ƙafa! Na ce kada wanda ya motsa!"

Muryar mahaifinta ce ta fizgo Narelle daga barci. Ta buɗe ido cikin duhun asuba tana kwance a shimfiɗarta ta tamfol a gefen mota, sai ta ji wani abu mai sanyi yana tafiya a kan wuyan hannunta. Wani kuma yana kartar gashinta ta bayan kunne. Maciji ne ya fara zo mata a rai.

"Baba," ta ce ba tare da ta buɗe baki sosai ba, "mene ne a jikina?"

"Baƙi kika yi. Ɗaga kanki a hankali ki gaishe su."

Ta ɗaga kai kamar mai ciwon wuya. Fitilar da ke rataye a bayan mota tana ci, kuma a iya inda haskenta ya kai, rairayin sansaninsu gaba ɗaya motsi yake yi. Sai da ta murza ido kafin ta gane abin da take gani. 'Ya'yan kunkurun teku ne, baƙaƙe, kowanne bai kai tafin hannun yaro ba. Sun cika ƙarƙashin tebur, sun taru a jikin tayar mota suna hawa kan juna, wasu sun faɗa cikin kwanon wanke-wanke suna ta iyo a busasshen kwano. Duk kansu wuri guda suka sa a gaba, gindin fitila. Teku kuwa tana can bayan tudun rairayi, sun ba ta baya.

Mahaifinta, Merv, yana tsaye a bakin tantinsa da gajeren wando, cokali a hannu ɗaya, gwangwanin shayi a ɗayan. Da su yake tayar da iyalinsa kowace asuba in sun zo wannan gandun dajin na bakin teku, tun Narelle tana yarinya mai wushirya. Kowane Fabrairu sai sun taso daga garinsu Geraldton sun yi yini guda a hanya sun zo, kuma kowace asuba sai ya kaɗa gwangwanin nan, ya tasa ƙeyar kowa zuwa kan tudu, a zauna cikin duhu ana jiran ƙyanƙyasar kunkuru. Yawancin shekaru sawu kawai suke tararwa. Dokarsa guda ce tak: da an gama cin abincin dare, ko ashana ba a ƙyastawa. Ɗan kunkuru in ya fito daga rami, inda ya fi haske yake nufa, kuma a gaɓar da babu mutane, fuskar teku ce ta fi ko'ina haske.

Zif ɗin tantin da ke kan rufin mota ya yi ƙara, kan Gavin, mijin Narelle, ya leƙo da gashi a hargitse.

"Wa ya mutu?"

"Yauwa, ga injiniya!" in ji Merv. "Sannu da aiki. Na ga ka sa wa mota fitila a gaba, ka sa a baya, saura ka sa wa bayan gida. Dubi abin da ka jawo mana."

Gavin ya dubi ƙasa, bakinsa ya buɗe. Sannan ya dubi fitilar, ya dubi matarsa. Ya san ba shi ya kunna ba, ya kuma san wanda ya kunna.

"To, tsoho, ai ka san ni," ya ce yana sosa ƙeya. "In ruwa ya ƙi sauka ma ni ne."

"Ni ce, Baba," in ji Narelle.

Merv ya juyo.

"Ni na kunna bayan ka yi barci. Shekaranjiya ka yi tuntuɓe da igiyar tanti, ga gwiwarka nan har yanzu a ɗaure. Kana fita cikin dare, kuma ba ka gani. Na rage ta sosai, na ɗauka tudun zai tare hasken."

"Ni ne ba na gani?"

"Kaka, jiya fa ka zuba wa shayinka gishiri," in ji wata murya daga ɗayar shimfiɗar. Tegan ce, 'yar Narelle mai shekara sha biyar, wadda a gida ko gobara ba ta tayar da ita. Tana zaune ta naɗe ƙafafu, ɗan kunkuru yana hawa kan cinyarta, tana kallonsa ko ƙiftawa ba ta yi.

"Ke kuma wa ya sa da ke, uwar barci?" Merv ya ajiye gwangwanin. "Kashe ta, Nel. Maganar ido ma yi ta daga baya."

Narelle ta zame daga shimfiɗa, tana share rairayi da tafin hannu kafin ta aza kowace ƙafa. Ta kai ga fitilar ta danna. Duhu ya rufe su. Ba abin da ake ji sai ƙarar raƙuman ruwa can a kan duwatsun murjani, da wani ɗan ƙaramin sauti a ƙasa, shaf-shaf-shaf, kamar ana share tsakar gida da tsintsiya mai laushi.

"Yanzu za su juya," in ji Merv. "Ku ba su lokaci."

Suka jira. Idanunsu suka fara sabawa da duhun, kuma Tegan ce ta fara lura.

"Mama, sun juya. Amma ba teku suka nufa ba."

Narelle ta waiwaya. A gabas, bayan dogon tsaunin da ke kwance kamar bango, sama ta fara yin fari-fari. A wannan gaɓar rana ta bayan mutum take fitowa, teku ce take karɓarta da yamma. Fitila ta riƙe 'ya'yan kunkurun har lokacinsu ya wuce, yanzu kuma ga wani haske ya fi ƙarfi yana kiransu zuwa cikin ciyawa mai ƙaya, zuwa hanyar mota, zuwa jajayen duwatsun da za su yi zafin kasko kafin hantsi.

"Da rana ta leƙo kan tsaunin nan, shi ke nan," in ji Merv. Muryarsa ta canza, babu sauran tsiya a cikinta. "Wanda tsuntsu bai ɗauka ba, zafi zai busar da shi."

Gavin ya diro daga rufin mota ta ɗaya gefen, ya jawo babbar kular da suke sa nama da ƙanƙara, ya juye kayan ciki a kan tebur.

"Mu kwashe su a nan, mu kai bakin ruwa mu zuba. Minti nawa ne?"

"Ba buhun dankali ba ne!" Merv ya daka masa tsawa. "Da ƙafarsu za su taka rairayin nan har ruwa. Haka waɗanda suka sani suka gaya mini tun kana tsumma. A tafiyar ce suke miƙe gaɓoɓi, a nan kuma matan cikinsu suke haddace wurin, in sun girma su dawo su yi ƙwai. Ka jefa su kamar tsakuwa, ka ɓatar da su har abada."

"To mu tsallake da su tudu kawai, mu sake su a saman gaɓa," in ji Narelle. "Sauran tafiyar tasu ce. Baba, ka yarda?"

Ya gyaɗa kai.

Suka durƙusa. Narelle ta ɗauki na farko, ta ji ƙarfin da ke cikin ɗan abin nan ya ba ta mamaki. Hannuwansa ba su daina tuƙi ba ko a cikin iska, suna ture yatsunta kamar ita ce rairayin. Cikinsa fari ne, da laushi. Tegan tana tarawa a cikin hularta, Gavin a cikin rigarsa da ya tuɓe, suna juyewa cikin kula. Suka bi su cikin ciyawa da lalube, ƙaya tana sukar gwiwoyinsu.

Sai da Narelle ta dawo da hannu cike ta ga mahaifinta bai gusa daga inda yake ba.

"Baba, ga wasu nan kusa da ƙafarka."

Bai sunkuya ba.

"Ba na ganinsu, Nel," ya ce a hankali, don kada sauran su ji. "Ƙasa kawai nake gani tana rawa. In na ɗaga ƙafa zan taka wani."

Shekarun da mutumin nan ya yi yana tashin asuba don wannan ranar, ga ta ta zo har bakin tantinsa. Ta tsince waɗanda ke kewaye da shi, ta kama hannunsa ta juya tafin sama, ta aza masa ɗaya.

"Riƙe wannan. Kai za ka kai shi. Dafa kafaɗata."

Suka haye tudun, Gavin da Tegan suna ɗauke da kula a tsakaninsu. Iskar teku ta bugi fuskokinsu. Ruwa ya ja baya, gaɓar ta yi faɗi, tekun kuma baƙi ƙirin har inda ido ya tsaya. Gavin ya karkata kular a hankali, 'ya'yan kunkurun suka zubo suka bazu.

Na ɗan lokaci gangaren ya ja su ƙasa. Tegan har ta fara tafi. Sai na gaba ya tsaya, ya ɗaga kai, ya yi kwana. Na bayansa ya bi. Kafin a ce me, rabinsu sun juyo suna hawa tudun da aka sauko da su, suna neman farin da ke ƙaruwa a gabas.

"Kai, ku ji 'yan banza!" in ji Gavin, yana tare su da hannuwa biyu. "Ga gidanku can! Wannan taurin kai, tsoho, anya ba danginka ba ne?"

"Da danginka ne da tuni sun nemi wurin kwanciya," in ji Merv.

Fararen ƙaguwoyi sun fara fitowa daga ramukansu. Ɗaya ta fyallo a guje ta cafki wani ɗan kunkuru a wuya, Tegan ta yi kururuwa ta watsa mata rairayi har ta saki. Sama da kansu tsuntsun teku na farko ya gilma, ya yi kuka, wani ya amsa masa daga nesa.

Narelle ta dubi gabas, ta dubi teku. Sai ta juya da gudu ta koma sansani. Ta dawo da fitilar a hannu ɗaya, tana jan babban tamfol ɗin da suke yin rumfa da shi a ɗayan.

"Gav, kama nan. Baba, kai kama can, ka tsaya kawai, ba sai ka motsa ba. Ku ɗaga shi sama iya ƙarfinku, ku tare musu gabas. Tegan, ɗauki tawul, duk abin da ya zo da baki ko ƙafa, ki kore shi."

"Ke fa?" in ji Gavin.

"Haske suke so. Zan kai musu shi inda ya kamata."

Merv ya gane kafin Gavin. "Nel, kin san abin da ke yawo a bakin ruwan nan da asuba."

"Ƙanana ne, Baba. Kai ka koya mini."

"Ƙananan ma ba da dasashi suke tauna ba. Kifin shak, babba ko ƙarami, mai cizon mutum ne."

"Ba ni fitilar, ni in shiga," in ji Gavin.

"Ka fi ni tsawo, tamfol ɗin yana bukatarka. Kuma ni na kunna ta."

Ba ta jira amsa ba. Ta gangara da rigar barcinta, ta shiga ruwa. Ɗumi gare shi kamar ruwan wanka. Da ya kai mata gwiwa ta juyo ta fuskanci gaɓa, ta kunna fitilar, ta sauke ta dab da fuskar ruwa.

A can sama maza biyu sun ɗaga tamfol, iska tana kaɗa shi tana neman ƙwacewa, suna ta yi wa juna faɗa. Inuwarsa ta faɗo kan rairayi.

Waɗanda ke hawa tudu suka tsaya. Ɗaya ya juyo. Sai gaba ɗayansu, kamar an ba su umarni, suka fuskanto ta.

Ba ta taɓa ganin abu irin wannan ba. Suka gangaro a guje, baƙin layi mai faɗi yana malalowa a kan farin rairayi, suna faɗawa cikin sawun ƙafarta suna fitowa, suna kifewa suna miƙewa. Ba uwa a gabansu, ba wanda ya taɓa nuna musu ruwa. Tegan tana tsalle a gefensu tana kaɗa tawul sama, tana zagin tsuntsaye da kalmomin da Narelle ba ta san ta iya ba.

"Ina jinki fa, yarinya!" Merv ya ƙwala daga bayan tamfol.

"A bakinka na koya, Kaka!"

Kumfar ruwa ta taɓa na farko, ta ɗaga shi, ta mayar da shi baya. Ya sake zuwa. A karo na biyu ruwan ya karɓe shi, sai ga abin da ke ja da ciki da ƙyar a kan tudu ya zama kamar tsuntsu. Hannuwan nan da suke ta fama da rairayi suka buɗe, ya wuce kamar an harba shi. Sauran suka biyo, goma-goma, suna shigowa cikin hasken fitila, suna gogar ƙafafunta da ƙananan ƙusoshinsu.

Amma ba su wuce ta ba. Suka fara kewaye ta, suna zagaya hasken kamar yadda suka yi a gindin mota.

Wani abu ya fasa ruwa a hagunta, fau! Babban kifi mai sheƙin azurfa ya gilma, kuma inda 'ya'yan kunkuru biyu suke, babu kowa. Narelle ta gane ta tara su wuri guda, ta haska su, ta shirya wa kifaye tebur.

"Baba! Ba sa tafiya! Kifi yana cinsu!"

"Kashe fitilar!"

"Akwai saura a kan rairayi!" in ji Tegan. "Da yawa, Mama! Kada ki kashe!"

"To ja da baya!" Merv ya ce. "Yi ta tafiya da su cikin ruwa, kada ki tsaya wuri ɗaya! Tegan, ke ce idona. Da na ƙarshe ya jiƙa, ki faɗa!"

Narelle ta fara ja da baya. Ruwa ya kai cinya, ya kai ƙugu. Ƙasan ya sauya daga rairayi zuwa wani abu mai kaushi da ke yankar tafin ƙafa. Ta ɗaga fitilar, garken yana biye da ita. A gefen hasken ta ga wata inuwa doguwa, tsawon hannun mutum biyu, tana tafe ba gaggawa, da ɗan baƙi a ƙarshen ƙayar bayanta. Kifin shak ne. Ta wuce. Ta sake dawowa ta ɗaya gefen. Sannan wani abu mai kaushi kamar takardar goge katako ya shafi ƙaurinta.

Ƙafafunta suna cewa ta gudu. Ta dubi gaɓa, ta ga har yanzu akwai ɗigo-ɗigon baƙi suna gangarowa, ta ga bakin tsaunin ya fara ja kamar garwashi.

"Nel, fito haka nan!" Gavin ya yi kira. "Ya isa!"

"Riƙe tamfol ɗinka, injiniya," in ji Merv. "'Yata ce. Ta san abin da take yi."

Ruwa ya kai mata ƙirji. Hannun da ke riƙe da fitila ya fara ciwo. Ta canza hannu. Kifin azurfa ya sake fasa ruwa, ta buga masa ƙafa a banza.

"Saura uku!" Tegan tana rarrafe a bayansu, ta yi musu rumfa da jikinta. "Biyu! Kai, malalaci, yi sauri mana! Mama, ya shiga! Ya shiga!"

Narelle ta danna fitilar.

Duhu ya dawo, ba baƙi ƙirin ba yanzu, shuɗi-shuɗi. Sai ta ga ruwan da kansa yana ci. Duk inda ɗan kunkuru ya kaɗa hannu, sai wasu ƙananan tartsatsi kore-kore su tashi su bi bayansa. Ta ɗaga nata hannun, tartsatsin suka zubo daga yatsunta. Kewayen da suke yi ya warware. Ɗaya bayan ɗaya suka sa kai cikin raƙuman ruwa, suka miƙe yamma, kowanne yana jan zaren haskensa, har ruwan gabanta ya zama kamar sama ta faɗo ciki. Ta manta da shak, ta manta da ƙafarta da ke zafi.

Dab da ita, kusa har ta iya taɓawa, ruwa ya kumbura. Wani kai mai girman tulu ya ɓullo, ya fesar da numfashi mai nauyi kamar na tsohon da ya hau tudu. Uwar kunkuru ce, bayanta ya kai faɗin teburin cin abincinsu, da gansakuka a jikinsa. Ta dubi Narelle da ido ɗaya, baƙi, mai ruwa-ruwa. Ba tsoro a cikinsa, ba kuma wata damuwa. Ita ma wata asuba ta taɓa gangarowa a guje daga wani tudu, tana ƙarama kamar waɗannan. Ta ja iska, ta nutse, ruwa ya rufe kamar ba a yi ba.

Narelle ba ta san tana kuka ba sai da ta ji gishirin da ke bakinta ya yi ɗumi.

Da ta fito, rana ta leƙo kan tsauni. Tamfol yana yashe a ƙasa. Gavin ya taro ta da tawul, ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa, sannan ya duba ƙaurinta inda fata ta saɓule.

"Ki sake yi mini irin wannan, in koma gidan uwata."

"Ba za ta karɓe ka ba," in ji Merv. Yana zaune a kan rairayi. Ya miƙa hannu, Narelle ta zauna kusa da shi. Gabansu gaɓar ta cika da ƙananan sawu, ɗaruruwa, duk sun nufi ruwa.

"Nawa suka tsira?" ya tambaya.

"Ban sani ba, Baba. Kifi ya ci wasu. Yawancinsu sun wuce."

"Faɗa mini yadda suke a cikin ruwan. Kada ki rage komai."

Ta buɗe baki ke nan za ta fara, Tegan ta miƙe tsaye ta kare ido da hannu.

"Mama, akwai wata babbar kunkuru tana fitowa. Can, wajen duwatsu."

Gavin ya duba. "Bayan gari ya waye haka? Ba kunkuru ba ce wannan."

Abin yana tafe a cikin ruwa mara zurfi, yana tashi yana faɗuwa. Jan abu ne a jikinsa. Da ya matso suka ga rigar ceto ce irin ta masu kamun kifi, kuma mutum ne a cikinta, yana rarrafe da gwiwa da hannu. Gavin da Narelle suka ruga suka kama shi ta hammata suka jawo shi kan rairayi. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba takalmi, murjani ya tsattsaga masa hannuwa da gwiwoyi, leɓunansa sun yi fari sun kumbura. Ya yi aman ruwa, ya yi tari, sannan ya damƙi hannun Narelle da ƙarfin da ba ta zata ba. Idonsa ya sauka a kan fitilar da ke rataye a wuyan hannunta.

"Ke ce mai hasken?" ya ce da muryar da ta dushe.

"Ni ce. Sannu, bawan Allah. Tegan, kawo ruwa, yi gudu! Daga ina ka fito?"

"Jirginmu ya kife a bayan duwatsu. Ba mu san ina ne tudu ba sai da muka ga fitilarki." Ya juya ya dubi tekun, ya sake dubanta. "Mu biyu muke iyo muna binta, ni da matata. Tana dab da bayana. Don me kika kashe?"